Abincin mai juna biyu da ƙarin nauyin jiki

Ƙarin nauyin goyon ciki shi ne kilo-kilon da mace ke ƙarawa daga ranar da ciki ya shiga har zuwa haihuwa, shi ne dalilin da ya sa in kin je awo abu na farko sai a ce hau sikeli kafin ma a ɗaura maki abin gwajin jini a hannu. Mata da yawa a Katsina da Daura suna ɗaukar wannan lamba da malamar asibiti ke rubutawa a kati kamar cika ƙa'ida ce kawai, alhali ita ce ke nuna ko abincin da ake ci yana isar uwa da abin da ke cikinta, ko ya gaza, ko kuma ya yi yawa.

Ina nauyin yake tafiya

Ba duka ne kitse ba. In mace ta ƙara kamar kilo 12, jaririn kanshi kilo 3 ne zuwa 3 da rabi, mabiyiya ta ɗan haura rabin kilo, ruwan da yaro ke kwance ciki kusan kilo 1, mahaifa ita ma ta ƙara kusan kilo 1, jini ya ƙaru da fiye da kilo 1, ga nono da ruwan jiki, sauran kilo 3 zuwa 4 ne kitse, kuma shi ma ajiya ce jiki ke yi saboda shayarwa.

Nawa ya kamata a ƙara

Nan ne ake yawan rikicewa don ba lamba guda ba ce ga kowa, ya danganta da jikin da kika shiga cikin da shi. Ma'aunin da aka fi aiki da shi a duniya shi ne wanda Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 2009, ta gina shi kan lissafin BMI, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Siririya mai BMI ƙasa da 18.5 ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18, matsakaiciya mai 18.5 zuwa 24.9 kilo 11.5 zuwa 16, mai ɗan jiki 25 zuwa 29.9 kilo 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 30 zuwa sama kilo 5 zuwa 9 sun wadatar. Matsakaiciya mai cikin tagwaye kuwa 17 zuwa 25. Ɗauki mata biyu masu tsawo ɗaya, mita 1.6, ɗaya kilo 45 ɗaya kilo 80, ta farko lissafinta 17.6 ta biyu ya haura 31, to ka ga in suna gida ɗaya ana zuba masu tuwo malmala ɗaya an zalunci guda.

A wata ukun farko ba a wani ƙaruwa, rabin kilo zuwa 2 ne, wata ma ramewa take saboda laulayi ko warin daddawa ba ta son ji. Daga wata na huɗu ne ake sa ran matsakaiciya ta riƙa ƙara kusan kilo 0.4 duk sati. Matsalar mu a nan ita ce da yawa ba su san nauyinsu na kafin ciki ba, ga kunyar cikin fari, sai ciki ya kai wata shida ko bakwai sannan a fara zuwa awo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je aƙalla sau 8, na farko cikin sati 12. Shi ya sa wasu wuraren ake auna kaurin damtse, in bai kai santimita 23 ba a san akwai rama.

Maganar ci na mutum biyu

Ci ki ƙara, ba ke kaɗai ba ce, haka iyaye da surukai ke cewa kuma da kyakkyawar niyya suke faɗa. Sai dai a lissafi wata ukun farko jiki bai buƙatar ƙarin komi, wata ukun tsakiya kamar ƙarin kalori 340 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na ƙarshe kamar 450, wanda bai fi dunƙulen gyaɗa cike da hannu da kofin nono ba, ko dafaffen ƙwai biyu da ƙosai kaɗan. Abin da aka ci ya fi yawan shi muhimmanci. Hura da nono ta gero wadda ba a loda mata suga ba, ɗan wake, alale, awara, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka da ɗan kifi ko nama, dafa-dukar shinkafa da wake, waɗannan suna gina yaro da jini. Lemon kwalba kuwa ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9, a haɗa da fanke da cincin da taliyar leda dare da rana, sikeli zai hau amma jini na nan ƙasa. Ana samun mace ta yi ɓul-ɓul a ido, a gwada a ce jininta bai kai 11 ba, ma'aunin da ake so ga mai ciki.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ni a gani na ya fi haɗari a ƙauyukan mu: tsoron kada yaro ya yi ƙato a sha wuya wurin haihuwa. Sai ka ga mace ta rage ci da gangan a watannin ƙarshe, wata a hana ta ƙwai, a bi ta da jiƙe-jiƙen maganin zaƙi. Rage suga dai ba laifi, amma yunwa ba ta buɗe ƙugu, abin da take yi shi ne a haifi yaro ƙasa da kilo 2.5, ko bakwaini, ita kuma uwar ta shiga naƙuda ba ƙarfi ba jini, in ta zubar kaɗan sai a fara neman ledar jini. Yarinyar da ta ɗau ciki tana shekara 15 ko 16 ta fi kowa shiga wannan don jikinta ma bai gama girma ba, ita da ɗan suna rabon abinci ɗaya. Ga damina, rumbu ya yi ƙasa kafin gero ya nuna, ga aiki ga zazzaɓin cizon sauro mai cinye jini, binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya ya nuna masu ciki ba su ƙara nauyi sosai a irin wannan lokaci kuma jariran na zuwa ƙanana. Haka aka gani a ƙasar Holan lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, kuma da yaran suka girma an samu ciwon suga da na zuciya sun fi kama su.

In nauyin ya wuce kima shi ma da nashi: sugan goyon ciki wanda ake gwadawa tsakanin sati 24 da 28, hawan jini, yaro ya haura kilo 4 kafaɗa ta maƙale ko a ƙare da tiyata, bayan arba'in kuma jikin ya ƙi komawa, ga kunun kanwa da gasasshen naman jego sun biyo baya, kafin a ankara wani cikin ya shiga a kan tsohuwar ƙiba. Duk da haka ba a son mai ciki ta shiga rage cin abinci don ta rame, tafiyar ƙafa ta minti 30 da gyara abin da ke cikin kwano su ake ba da shawara.

Nauyin da ba na abinci ba

In mace ta ƙara kilo 1 ko 2 cikin sati guda, fuska da hannu sun kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai da gani dishi-dishi, wannan ruwa ne ba tuwo ba, alamar hawan jinin masu ciki ce wadda ke kaiwa ga jijjiga, gwajin hawan jini 140 bisa 90 bayan sati 20 abin dubawa ne. Ba a jira ranar awo, a Katsina akwai asibitin Turai 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya, a Daura akwai asibitin tarayya na FMC.

Ƙwayoyin awo

Wasu na zubar da jan maganin nan na ƙarin jini wai yana sa yaro girma. Sinadarin ƙarfe ne miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 a kullum, ba kitse a cikinsu, in kashi ya yi baƙi ma ba wani abu ba ne. Kada dai a kora shi da shayi don shayi na hana jiki zuƙar ƙarfen, gara a bi shi da lemon zaƙi ko gwaiba, in yana tada zuciya a mayar da shan shi dare bayan an ci tuwo.