Binciken Mahaifar Kakannin da Suka Yi Ƙaura daga Ailan

Binciken mahaifar kakan da ya yi ƙaura daga Ailan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya, reshe ne na ilimin salsala, wanda zuriyar mutanen tsibirin da ke zaune a Amurka, Kanada, Birtaniya, Ostireliya da Ajantina suka fi duƙufa a kansa. Abin da ake nema shi ne ainihin ƙauyen da aka haifi wanda ya bar gida. A Amurka kaɗai mutum fiye da miliyan 30 ke cewa suna da jinin Ailan, alhali tsibirin gaba ɗaya bai wuce mutum kimanin miliyan 7 ba a yau. Akasarinsu ba su gaji komai daga kakan ba sai sunansa, da ƙiyasin shekarar da ya sauka, wani lokaci da sunan gunduma. Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi cewa a ƙasar da mutumin ya sauka ake fara bincike, a yi ta komawa baya har a samu sunan ƙauye, sannan a taɓa takardun Ailan, domin yawancinsu bisa wuri aka tsara su.

Tarihin ƙaurar

Ƙaura mai yawa ta fara ne a ƙarni na 18, lokacin da mabiya ɗarikar Firesbiteriya daga lardin Ulster da ke arewa suka riƙa tsallakawa Amurka ta Arewa. Masana tarihi sun sha bamban a kan adadinsu. Babbar Yunwa ce ta sauya komai. Daga 1845 wata cuta ta afka wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakan karkara safe da dare, ta yi ta ruɓar da shi shekara bayan shekara har wajen 1852. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum kusan miliyan 8.2 a tsibirin, ta 1851 kuwa kimanin miliyan 6.5. Ana ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan ɗaya sun mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma sun fice. Ficewar ba ta tsaya da wucewar yunwar ba, domin zuwa 1911 jama'ar tsibirin ta ragu zuwa kimanin miliyan 4.4.

Da yawa sun fara tsallakawa Liverpool kafin su hau babban jirgin ruwa, wasu sun tashi daga Queenstown ko Derry. Masu ƙaramin ƙarfi sun bi hanyar Kanada saboda araha, kuma a 1847 dubbansu suka mutu da zazzaɓi a tsibirin killacewa na Grosse Île kusa da Quebec. Akwai masu manyan filaye da suka biya wa 'yan hayarsu kuɗin jirgi don su rabu da su, kamar yadda aka yi a Strokestown ta gundumar Roscommon a 1847, kuma jerin sunayen irin waɗannan mutane yakan tsira a takardun gidan mai filin. Tsakanin 1848 da 1850 an kai 'yan mata marayu fiye da 4,000 Ostireliya daga gidajen gajiyayyu na gwamnati.

Ba kasafai mutum ke tafiya inda bai san kowa ba. Babban wa ya aiko wa ƙane kuɗin jirgi, ƙane ya aiko wa ƙanwa, har unguwa guda ta koma wani gari a ƙetare. Masu haƙar tagulla na yankin Beara a Cork sun taru a Butte ta jihar Montana, mutanen tsibirin Achill sun taru a Cleveland, yawancin na Ajantina kuma daga Westmeath, Longford da Wexford suke. Saboda haka idan takardun kaka sun yi shiru, akan bi na maƙwabtansa da waɗanda suka tsaya masa shaidar aure.

Rabe-raben ƙasa

Tsibirin yana da larduna 4 da gundumomi 32. Mafi ƙanƙantar yanki shi ne unguwar karkara, wadda takardu ke kira townland, kuma akwai irinta fiye da 60,000, wasu ba su wuce gonaki kaɗan ba. Ita ce adireshin mutumin karkara. A samanta akwai yankin coci na hukuma, wanda sau da yawa iyakarsa ba ta dace da ta yankin cocin Katolika ba, ko da sunansu ɗaya. Daga 1838 aka ƙara wani rabon, na yankunan kula da gajiyayyu, waɗanda daga baya aka gina rajistar haihuwa a kansu, kuma sukan ƙetare iyakar gunduma. Sunaye ma sun canza a zamanin da mafi yawan tsibirin ya sami 'yancin kai daga Birtaniya: Queenstown ta koma Cobh, King's County ta koma Offaly, Queen's County ta koma Laois. Sunan Derry ko Londonderry batu ne na siyasa da har yanzu ake jayayya a kansa.

Gobarar 1922

A watan Afrilun 1922 mayaƙan da ke adawa da yarjejeniyar 'yancin kai da aka ƙulla da Birtaniya suka mamaye ginin kotuna na Four Courts a Dublin, inda ma'ajiyar takardun gwamnati take. Sojojin sabuwar gwamnati suka fara yi wa ginin ruwan wuta ranar 28 ga Yuni, ranar 30 ga wata kuma wata gagarumar fashewa da gobara suka cinye ma'ajiyar. Ƙonannun takardu sun yi ta faɗowa a sassan birnin. Ko da gangan aka tayar da nakiya ko gobara ce ta kai ga rumbun makamai, ba a daidaita a kai ba.

Asarar ta shafi takardun kusan ƙarni 7. An rasa ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851 in ban da gutsattsari na wasu yankuna, da mafi yawan wasiyyoyi, da fiye da rabin littattafan baftisma da aure na cocin Angilika na Ailan, waɗanda doka ta sa aka tattara a can don a kare su. Ƙidayar 1861 da 1871 hukuma ce da kanta ta lalata su tun da wuri, ta 1881 da 1891 kuma aka niƙa su lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana cewa saboda ƙarancin takarda. Wannan ya sa babu cikakkiyar ƙidaya ko ɗaya ta ƙarnin da aka fi ƙaura a cikinsa. Duk da haka maganar da ake yawan yi cewa komai ya ƙone kuskure ne da ya hana mutane da dama ko fara nema. Rajistar haihuwa ta gwamnati da littattafan Katolika ba a ginin suke ba. A 2022 aka buɗe wata ma'ajiya a intanet ƙarƙashin jagorancin Kwalejin Trinity ta Dublin, wadda ke tattaro kwafe-kwafen abin da ya ƙone daga ma'ajiyoyin wasu ƙasashe.

Takardun ƙasar da aka sauka

Amurka ta fara ajiye jerin fasinjojin jiragen ruwa a 1820, sai dai na ƙarni na 19 ba su cika faɗin abin da ya wuce suna, shekaru, sana'a da ƙasa ba. Wanda ya shigo ta Castle Garden, tashar karɓar baƙi a New York, tsakanin 1855 da 1890 da wuya takardarsa ta ambaci ƙauye. Sai daga wajen 1906 aka fara rubuta garin haihuwa, jim kaɗan kuma aka ƙara sunan ɗan'uwa mafi kusa da aka baro a gida da adireshinsa. Takardun zama ɗan ƙasa ma daga 1906 suka fara kawo cikakken bayani.

Ga 'yan zamanin yunwa, majiyoyi biyu sun fi daraja. Ta farko ita ce littattafan bankin Emigrant Savings da aka kafa a New York a 1850. Da yake masu ajiya da yawa ba su iya sa hannu ba, akawu yakan yi wa mutum tambayoyin da shi kaɗai zai iya amsawa, ya rubuta: unguwar da aka haife shi da nisanta daga gari mafi kusa, sunan jirgin da ya kawo shi da ranar saukarsa, sunan uba, sunan uwa na gidansu, da 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, wane na raye a gida, wane ya rasu, wance tana Boston. Ranar da ya dawo ɗaukar kuɗi sai a sake tambayarsa. Layi huɗu ko biyar na irin wannan sun fi tarin takardun gwamnati amfani. Littattafan suna babban ɗakin karatu na birnin New York. Ta biyu ita ce cigiyar 'yan'uwa da jaridar The Pilot ta Boston ta riƙa bugawa daga 1831 zuwa 1921, dubban sanarwa daga mata masu neman mazajensu da iyaye masu neman 'ya'yansu, kuma mai cigiya yakan faɗi yankin coci da unguwa don kada a rikita nasa da wani mai irin sunan.

Duwatsun kabari a maƙabartun Katolika sukan ɗauki sunan yankin cocin mamaci. Haka nan sanarwar rasuwa a jarida, da takardun fansho na waɗanda suka yi yaƙin basasar Amurka. A Ostireliya aikin ya fi sauƙi, domin takardar mutuwa a jihar Victoria daga 1853, da jihar New South Wales daga 1856, tana da gurbin mahaifa da sunayen iyaye. Takardar haihuwa a Sikotilan tana faɗin inda iyayen jariri suka yi aure. Ƙidayar Ingila kuwa galibi sunan ƙasar kawai take rubutawa.

Takardun da suka tsira a Ailan

Rajistar gwamnati ta fara da auren waɗanda ba Katolika ba a 1845, sannan ta haɗa haihuwa, aure da mutuwar kowa daga 1864. Tsofaffin shafukanta suna intanet kyauta, haka ma ƙidayar 1901 da 1911. Kafin 1864 sai littattafan coci. Saboda dokokin da suka daɗe suna takura wa Katolika, da talaucin yankunan, littattafan birane sun faro tun ƙarni na 18, amma a yammacin tsibirin, inda aka fi ficewa, wasu ba su fara ba sai bayan 1830 ko ma 1850. Babban ɗakin karatu na ƙasa ya saka hotunan na yankuna fiye da 1,000 a intanet a 2015, yawanci zuwa wajen 1880. Da yawa da Latin aka rubuta su, James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus, kuma kowane layin baftisma yana ɗauke da sunan uwa na gidansu da na mutum biyu da suka tsaya wa jaririn, waɗanda galibi dangi ne.

Takardun haraji ne suka maye gurbin ƙidayar da ta ɓace. Akwai littattafan ushirin coci na 1823 zuwa 1837, sai babban kimanta filaye da Richard Griffith ya jagoranta, wanda aka buga gunduma bayan gunduma tsakanin 1847 da 1864. Kowane shafi yana jera unguwa, mai riƙe da gida ko gona, wanda yake haya a hannunsa, faɗin filin da kimarsa, tare da lambar da ke kai mai bincike kan taswira har ya ga gonar. Maigida kawai ake rubutawa, ba mata ba yara. Takardun gundumomi 6 na Ailan ta Arewa, wadda ta rage a ƙarƙashin Birtaniya, yawancinsu suna ma'ajiyar Belfast.

Suna da shekaru

Murphy, Kelly, Sullivan da Walsh suna cikin sunayen da suka fi yawa, kuma a yankin coci ɗaya ana iya samun Patrick Murphy da dama sa'o'in juna. Ana ajiye O' da Mac na gaban suna ko a ɗauka yadda aka ga dama, akawu kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Al'adar raɗin suna tana taimakawa: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari ta ci na kakarta ta wajen uwa, ko da yake ba kowane gida ya bi ba. Shekaru ba abin dogaro ba ne, don mutane da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba. Bayan dokar fanshon tsofaffi ta 1908, wadda ta sa shekara 70, an ga mutanen da shekarunsu suka ƙaru da fiye da 10 tsakanin ƙidayar 1901 da ta 1911. Kuskuren da ya fi yaɗuwa a bishiyoyin dangi na intanet shi ne ɗaukar baftismar farko da ta yi daidai da suna da shekara, ba tare da an tabbatar da sunayen iyaye ko na 'yan'uwa ba.

Gwajin ƙwayoyin halitta

Gwajin DNA yana haɗa mutum da dangin da kakanninsu suka san ƙauyensu, ta haka yake nuna yanki. Shi kaɗai ba ya tabbatar da unguwa.

Sanannun misalai da zama ɗan ƙasa

A 2007 aka gano a littattafan cocin Angilika cewa Falmouth Kearney, kakan kakan mahaifiyar Barack Obama, ɗan mai ɗinkin takalma ne daga Moneygall a Offaly, wanda ya tafi Amurka a 1850. Obama ya ziyarci ƙauyen a watan Mayun 2011. Abe Grady, kakan mahaifiyar ɗan dambe Muhammad Ali, daga Ennis ta gundumar Clare ya fito, ana jin a shekarun 1860, ya zauna a Kentucky, kuma Ali ya je garin a 2009. Dokar Ailan ta ba wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a tsibirin damar neman zama ɗan ƙasa ta rajistar waɗanda aka haifa a waje, in ya kawo takardun haihuwa da aure da suka haɗa shi da kakan. Masu nema daga Birtaniya sun ƙaru ƙwarai bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016.