Waiwaye: Lissafi a kan kubit ba tare da kuskure ya bazu ba

Kubit, ƙwayar bayani a kwamfutar kwantam (wadda ke aiki bisa dokokin ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra), ba ya da juriya: ɗan zafi ko hargitsin lantarki kan lalata shi, kuma dokokin kwantam sun hana a kwafe shi a ajiye. A 1995 Peter Shor ya samo mafita, inda ya rarraba bayanin kubit ɗaya a kan kubit tara domin a gano kuskure a gyara ba tare da an leƙa bayanin ba, sannan Andrew Steane ya yi hakan da bakwai a 1996.

Adana bayani daban, yin lissafi da shi kuma daban. Hanya mafi aminci ita ce idan za a yi lissafi tsakanin rukunoni biyu na irin waɗannan kubit da aka rarraba wa bayani, kowane kubit a rukuni ɗaya ya haɗu da takwaransa kaɗai a ɗaya rukunin, ta yadda idan na uku ya lalace, na ukun can kawai zai shafa. Amma a 2009 Bryan Eastin da Emanuel Knill suka tabbatar cewa babu tsarin gyaran kuskure da zai iya dukkan ayyukan lissafi ta wannan hanya kaɗai. A tsare-tsaren da aka fi amfani da su, wanda ke gagara shi ne aikin da ake kira T, wani juyi na musamman da ake yi wa kubit, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan matsalar.

Tun 2005 Sergey Bravyi da Alexei Kitaev suka kawo dabarar tacewa: a shirya kubit goma sha biyar masu ɗan gurɓata, a tace su a sami guda ɗaya mai tsabta da za a yi aikin T da shi. Dabarar tana aiki, sai dai tana cin kubit da lokaci ƙwarai, har ta kai a wasu tsare-tsaren wuraren tacewar ne ke cinye babban ɓangaren na'urar. Abin da masana suka sa a gaba tun daga lokacin shi ne rage wannan tsada, kuma an ci gaba sosai: a 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta kubit miliyan 20 don karya makullin RSA (tsarin ɓoye bayanan sirri a intanet) mai bit 2048, a 2025 kuwa Gidney ya sauko da adadin ƙasa da miliyan ɗaya.

A Disamban 2024 Google ya nuna da na'urarsa Willow cewa faɗaɗa tsarin gyaran kuskure na rage kuskure da kusan rabi a kowane mataki. Wannan nasara ce ta adanawa. Dogon lissafi mai dubban ayyukan T a kan kubit masu kariya har yanzu yana gaba.