Waiwaye: Yadda ambaliya ta riski Birnin Kebbi

Waɗanda suka kafa tsohon garin Birnin Kebbi sun ɗora shi a kan tudu ne, suka bar wa Gulbin Rima fadamarsa. A wancan zamani cikar gulbi abin murna ce ga Kabawa, domin da ita ake samun kifi, kuma shinkafar gargajiya da ake shukawa a fadama irin wadda take ƙara tsawo ce gwargwadon hawan ruwa. Kowa ya san iyakar da ruwa yake kaiwa a cikin marka, kuma ba a kafa tubali a ƙasa da wannan iyaka.

Abin da ya fara ɓata wannan lissafi shi ne fari. Bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970, gwamnati ta duƙufa wajen tare koguna don noman rani. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, a ƙasar Zamfara ta yau, a 1978, sannan ta Goronyo a kan Rima a 1984, shekarar da wani farin ya sake aukuwa. Ruwan waɗannan koguna biyu yana haɗuwa kusa da Sakkwato ne, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa kogin Neja. Da aka tare shi daga sama, kuma damina ta yi shekaru tana ƙaranci, sai cikar fadama ta ja baya, har aka tashi da wani zamani na mutanen da ba su taɓa ganin gulbi a cikin fushinsa ba.

A cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birni. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, fili ya yi daraja, aka cike kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwa aka yanka su fuloti-fuloti, gine-gine suka bi hanyoyin ruwa ba tare da an haƙa magudanan da za su ɗauke shi ba. A ganina nan ne tushen matsalar, kuma laifin hukumomin da suka sa hannu a takardun filaye ya fi na talakan da ya sayi inda kuɗinsa suka kai.

Gulbi ya tuna wa jama'a da kansa a watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan da ya fito daga Goronyo ya mamaye garuruwa a Sakkwato da Kebbi, har ya karya gadar da take kai wa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Shekara biyu bayan haka aka yi ambaliyar 2012, wadda hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu. Amma wadda ta fi tsaya wa mutanen Kebbi a rai ita ce ta 2020. Tun bayan ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a Birnin Kebbi a 2015, jama'a da yawa suka zuba duk abin da suka mallaka a fadama, wasu ma da bashi a wuyansu. Ana gab da girbi ruwa ya haɗiye gonakin da aka ƙiyasta sun kai hekta 450,000, ya yanke hanyoyi, har sai da kwalekwale ake isa wasu ƙauyukan da suke hayin gulbi.

Shi kuwa mazaunin cikin gari, ruwan sama ne yake fara shiga masa gida tun gulbi bai kawo ba. A farkon damina hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ta yaye rufin kwano, ta karya turakun lantarki. In Agusta ta kama, sai a kwana ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, lambatun da leda da yashi suka toshe ya amayar da shi kan titi, daga titi ya bi ta zaure ya shiga tsakar gida. Ginin ƙasa daga gindi yake jiƙa, shi ya sa maigida yakan kwana da tocila a hannu yana duba bango, mata suna kwashe ruwa da bokiti, an ɗora buhun hatsi da katifa a kan gado, yara kuma an kai su gidan maƙwabcin da ya yi ginin bulo. Da yawa daga cikin waɗanda ake rasawa bango ne yake danne su cikin dare. Bayan ruwa ya janye kuma wata wahalar take farawa, domin masai ya riga ya cika ya malala cikin rijiya, sai amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro su biyo baya.

Yanzu ba a rasa gargaɗi. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, hukumar da take sa ido kan ruwan koguna, NIHSA, tana bayyana ƙananan hukumomin da suke cikin haɗari, ana kuma yi ta shela a rediyo cewa mazauna bakin gulbi su koma tudu. Sai dai wanda aka ce ya tashi yakan tambaya, ina za shi, wa kuma zai tsare masa gona da dabbobi? Amsar da aka saba ba shi ita ce ajin makarantar firamare da tabarma da ɗan buhun shinkafa, su ma bayan ɓarna ta riga ta auku. Aikin yashe magudanai da na hana gini a hanyar ruwa na rani ne, tun daga Janairu zuwa Mayu, kuma a daidai waɗannan watanni ne aka fi daina jin maganar ambaliya a bakin hukuma da na jama'a.