Waiwaye: Yadda Aka Auna Gubar Nukiliya Daga Nesa a Tsibiran Marshall

Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya sau 67 a tsibiran Marshall da ke tekun Fasifik, a yankunan Bikini da Enewetak. Mafi girmansu shi ne na ranar 1 ga Maris, 1954, wanda farar tokarsa ta zubo wa mutanen tsibiran Rongelap, har yara suka riƙa wasa da ita don ba wanda ya gargaɗe su.

A 1968 hukumomin Amurka suka ce Bikini ta zaunu, wasu iyalai kuwa daga cikin waɗanda aka kwashe daga can kafin gwaje-gwajen suka koma gida. Shekara goma bayan haka aka sake kwashe su, saboda sinadarin siziyam-137 mai gubar nukiliya ya taru a jikinsu. Ta cikin abinci gubar ta bi. Ƙasar tsibiran ta murjani ce, mai ƙarancin fotashiyam, sinadarin da tsirrai ke buƙata, shi ya sa bishiyar kwakwa take zuƙar siziyam a madadinsa, ta kai shi cikin ruwan kwakwar da ake sha da namanta da ake ci kullum.

A wannan shekara ta 1978 aka yi babban awo daga sama, inda jirage masu saukar ungulu ɗauke da na'urorin gano tururin nukiliya da ake kira gamma suka yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a kan tsibiran arewacin Marshall, aka fitar da taswirar wuraren da gubar ta fi yawa. A Enewetak kuma, lokacin aikin share ƙasa daga 1977 zuwa 1980, an ɗora na'urar a kan mota. Da yake fulutoniyam, sinadarin da ake haɗa bam ɗin nukiliya da shi, yana da wuyar ganowa daga nesa, sai aka riƙa auna wani sinadari mai suna amarishiyam-241 da ke tare da shi, a ƙiyasta yawan fulutoniyam ɗin. Ƙasar da aka kankare an binne ta a wani rami a tsibirin Runit, aka rufe da kankare, ga shi yanzu hauhawar ruwan teku tana barazana ga wurin.

A ganina, darasin Bikini shi ne iyakar wannan awo, domin na'urar sama fuskar ƙasa take gani, ba ta ganin abin da ke cikin tukunya. Sai da masana na cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka suka haɗa da gwajin saiwa da 'ya'yan itace kafin suka gano cewa takin fotashiyam yana rage siziyam ɗin kwakwa ƙwarai. Siziyam yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 30, amma har yau mutanen Bikini, waɗanda aka fara kwashe su 167 a 1946, ba su koma zama a ƙasar kakanninsu ba.