Me Ake Nufi da "Cin Ƙarfe" a Injin Niƙa Ma'adinai?

Kafin a fitar da zinare ko tagulla daga dutse, sai an niƙe dutsen ya zama gari. Injin da ke wannan aiki wata ƙatuwar ganga ce mai juyawa, an zuba mata ƙwallayen ƙarfe, an kuma lulluɓe cikinta da faranti masu kauri. Dutse na daddagewa, ƙarfen ma na zaizayewa. Wannan zaizayewar ita ce cin ƙarfe, kuma ana lissafa ta da giram nawa na ƙarfe ya tafi a kan kowane tan na dutse.

Abu uku ke cin ƙarfen: guga, duka, da tsatsa. Biyun farko kowa na iya hango su. Tsatsa ce mai wuyar sha'ani, domin galibi da ruwa ake niƙan. Da ta yi ɓawo a jikin ƙwallo sai dutse ya kankare shi, sabon ƙarfe ya fito fili, ita kuma ta sake kamawa. Idan dutsen na ɗauke da farar wuta abin ya fi muni, don haɗuwarsa da ƙarfe cikin ruwa kan haifar da 'yar wutar lantarki kamar ta batir, kuma ƙarfen ne ke narkewa.

To ya ake aunawa? Akan yi wa wasu ƙwallaye alama, a ɗora su a sikeli, a jefa cikin injin, bayan wani lokaci a tsamo su a sake aunawa. Farantan kuwa kaurinsu ake dubawa da na'urar sauti ko ta hasken lesa. Akwai kuma gwajin da injiniyan Amurka Fred Bond ya bayyana a 1963: ana juya ɗan farantin ƙarfe cikin dutse giram 400 na minti 15, har sau huɗu, a ga nauyin da ya rasa. Sai dai a bushe ake yinsa, bai san da zaman tsatsa ba.

A nan gizo ke saƙar, domin sikeli lamba ɗaya yake bayarwa, ba ya faɗin rabon da guga, duka da tsatsa kowanne ya ci. Shi ya sa masu bincike kan niƙa dutse iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya cikin iskar oksijin, sau ɗaya kuma cikin iskar naitirojin. Tsatsa ba ta samun ta cewa sosai a naitirojin, don haka tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ake ɗora mata.