Kuɗin taimako: na yau, na gobe, ko dabbobi?

Mene ne asalin muhawarar?

Kuɗin taimako ba ya isar kowa, sai an zaɓi waɗanda za a fara da su: mutanen da ke raye yau, waɗanda ba a haifa ba tukuna, ko dabbobi. Shi ya sa wasu masu bayarwa a Ingila da Amurka suke auna kowace matsala da tambayoyi uku: rayuka nawa ta shafa, an yi watsi da ita ne, kuma akwai maganinta a hannu? Ƙungiyar GiveWell, da aka kafa a Amurka a 2007, aikinta ke nan, gano inda kuɗi kaɗan zai ceci rayuka masu yawa.

Ina wannan awo ya kai su?

Har ƙofar gidajenmu. Zazzaɓin cizon sauro na kashe kimanin mutum 600,000 a shekara, galibi ƙananan yara a Afirka, kuma Najeriya ce kan gaba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata da damina a yankin Sahel. Duk wanda ya ga masu rabon maganin suna bi gida-gida, ana narka ƙwaya a cokali, uwa ta rungume ɗanta a cinya har ya haɗiye, ya ga irin aikin da GiveWell ta sa a sahun gaba.

To me ya kawo maganar waɗanda ba a haifa ba?

Dubi agana. Har yanzu akwai tsofaffi masu zanenta a fuska, amma tun 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Jikokinsu da tattaɓa-kunnensu duk sun tsira, ba tare da sun san an yi musu komai ba. Sadaka mai gudana ke nan. Da Ebola ta shigo Legas a 2014, ma'aikata da tsarin da aka gina don yaƙi da shan inna suka taimaka aka tare ta, mutum 8 suka rasu. Masu hangen nesa suna cewa haka ya kamata a yi wa annoba mai zuwa tanadi, da makaman nukiliya kusan 12,000 da ke jibge a duniya, da ƙirƙirarriyar basira (AI, wato fasahar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam) idan ta fi ƙarfin masu ita.

Har da dabbobi?

Har da su, kuma wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Ana yanka dabbobin kiwo fiye da biliyan 70 duk shekara, mafi yawansu kaji. Kazar keji takan ƙare rayuwarta a wurin da ko fuka-fukanta ba ta iya miƙewa. Abin yana damuna ƙwarai. Ciwon bushiya kuwa, da ya sha ƙarar da garken Fulani, an kawar da shi a 2011.

Da wanne za a fara?

A ganina, da yaron da ke kwance jikinsa ya yi zafi rau, domin an san maganinsa, an san kuɗinsa. Haɗarin ƙirƙirarriyar basira abin kulawa ne, sai dai da wuya mai bayarwa ya iya tabbatar da abin da kuɗinsa ya hana. Bayan yaron, zan ba aikin da ke tuge cuta daga tushe, kamar ƙarasa shan inna, wadda nau'inta na asali ya rage a Afganistan da Pakistan kawai.