Wai gwamnati ta ƙayyade farashi kaya su yi araha?

Duk sanda kaya suka yi tsada sai ka ji ana cewa ai 'yan kasuwa ne ba su da imani, gwamnati ta yanka farashi kawai kowa ya huta. To jama'a abin ba haka yake ba. Eh akwai masu ɓoye kaya, amma mai kaya ba shi kaɗai ke yanka kuɗi ba, yawan kayan da yawan masu nema su ne ke yi.

Ku duba albasar Aliero mana, lokacin da ake cire ta buhu ya faɗi warwas har manomi na kuka, in damina ta shigo wadda aka ajiye ta fara ruɓewa ta yi ƙaranci sai kuɗi ya tashi, to dillalan nan dai su ne, lokacin cire ta imaninsu ya dawo ne?

Ƙayyade farashin kuma ai mun gani a fetur kafin a cire tallafi a Mayun 2023, a takarda mai yana da araha amma gidan mai layi, 'yan bumburutu na sayarwa yadda suka ga dama, wani man kuma ya bi ta Kamba ya tsallake iyaka tunda can ya fi tsada. Shinkafa ma da aka rufe boda a Agustan 2019 ta waje ta ragu, ta gida ta yi kuɗi, manomin Argungu ya ji daɗi, mai saye a mudu kuwa ya ji a jikinsa.